Me yake jan mu zuwa karanta labarai da sharhin siyasa a mujallun intanet?

Malamin Gwammaja:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina so mu tattauna yadda muke samun labari a garin nan. Kowa ya san Kano garin rediyo ne, domin tun kafin a buɗe Freedom a 2003 mutanenmu ba sa rabuwa da BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, kuma har gobe shirye-shiryen siyasa na dare ne ke cika majalisu. Duk da haka na lura cewa waɗanda suke son fahimtar siyasa da gaske, ba jin wane ya zagi wane kawai ba, sun karkata ga mujallu da jaridun intanet, na Hausa da na Turanci. A ganina ba saurin labari ne yake jan su ba, domin rediyo ma yana da sauri. Abin da yake jan su shi ne rubutu yana zama. Idan ɗan siyasa ya yi alƙawari aka rubuta, bayan shekara biyu ana iya nemo shi a ajiye masa a gabansa, kuma idan mai sharhi ya kawo hujja, mai karatu yana iya komawa ya sake auna ta a natse. Ina neman ra'ayinku, musamman waɗanda suka riski zamanin jaridar takarda.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, Malam. Da girmamawa, ni ban yarda an cire sauri daga lissafi ba. Mu da muke kasuwa, labarin da ya makara ba shi da amfani a wurinmu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, da shugaban ƙasa ya ce tallafin man fetur ya tafi, kafin a kai ga labaran yamma kowa a layinmu ya riga ya karanta a wayarsa, kuma masu motocin ɗaukar kaya sun fara sauya magana. Haka batun canjin dala yake, domin atamfa da shadda da muke sayarwa yawancinsu daga waje suke zuwa. Wanda zai jira jaridar gobe, sai ya sayar da kayansa a farashin jiya. Sharhi yana da daɗi, amma sai an tashi daga kasuwa ake karanta shi.

Barista Nassarawa:
Alhaji, abin da ka faɗa gaskiya ne a fagen ciniki, amma a fagen siyasa ina bayan Malam, kuma shari'ar zaɓen gwamnanmu ta ishe mu misali. Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf bayan ta cire ƙuri'u 165,663 daga cikin nasa, bisa dalilin cewa takardun ƙuri'un ba su da hatimi da sa hannu. Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cire shi, ta kuma dogara da batun zamansa ɗan jam'iyyar NNPP. Sai ga shi da rubutaccen kwafin hukuncin ya fito, an sami wani sashe a ƙarshensa da ya ci karo da abin da aka karanta a zauren kotu, har kotun ta ce kuskuren rubutu ne. A wannan makon babu abin da ba a faɗa ba a majalisu da gidajen rediyo, kowane ɓangare yana rantsuwa cewa shi aka bai wa gaskiya.

Wanda ya fahimci abin da ya faru shi ne wanda ya buɗe jaridun intanet, domin sun sanya hoton shafin kansa, suka kawo abin da alƙalai suka karanta, sannan lauyoyi suka rubuta dogayen sharhi a kan bambancin dalilan hukunci da umarnin ƙarshe. Irin wannan bayani ba ya yiwuwa a minti uku tsakanin talla da talla. Da Kotun Ƙoli ta tabbatar da gwamnan a kan kujerarsa ranar 12 ga Janairu, 2024, waɗanda suka bi waɗancan rubuce-rubucen ba su yi mamakin hujjojin ba, domin an riga an tattauna cewa batun zama ɗan jam'iyya lamari ne na cikin gida kuma na kafin zaɓe. Ni dai a aikina na ga mutanen da ba su taɓa shiga ajin koyon shari'a ba suna yi mini tambayoyi masu ma'ana, kuma da na bincika sai na tarar karatu ne suka yi.

Maman Safiyya:
Ina so in ƙara wani ɓangare da maza ba su cika lura da shi ba. Ku kuna da majalisa da teburin mai shayi da bakin masallaci, inda ake warware labari bayan an ji shi. Yawancinmu mata ba mu da wannan, kuma lokacin da ake shirin siyasa a rediyo shi ne lokacin da muke fama da abincin dare da karatun yara. Mujallar intanet tana jirana har in sami sukuni, in karanta rabi, in ajiye, in dawo. Sannan babu wanda yake yi mini ihu a kunne. Gaskiya wasu shirye-shiryen da ake kawo sojojin baka ba na son yarana su ji irin kalaman da ake yi, alhali idan mutum ya zauna zai rubuta, ko da yana da zafin ra'ayi, dole ya ɗan tace harshensa.

Baba Fagge:
Malam ya nemi waɗanda suka riski jaridar takarda, to ga ni, kuma na yi aiki a ɗakin labarai kafin in ajiye. 'Ya'yana, daɗin da kuke ji ba sabo ba ne. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, shafin wasiƙu ne mutane suka fi rububi, domin a nan ne talaka yake ganin sunan garinsu da kukansa a rubuce. A nan Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a 1980, kuma daga Gidan Sa'adu Zungur ake fitar da Albishir da Alfijir domin masu karatun Hausa. A ɓangaren mujallu kuwa, wanda ya ga yadda ake jiran Newswatch da Tell da Citizen ta Kaduna a kowane mako ya san cewa ƙishirwar sharhi ta daɗe. Mutum goma suna iya karanta kwafi ɗaya har ya yage.

Abin da ya bambanta shi ne a da akwai ƙofa, kuma akwai mai gadi a bakinta. Kafin labari ya fita sai ya bi ta hannun editan labarai da mai tace rubutu, wani lokaci har da lauyan kamfani, kuma sunan edita da adireshin ofis suna nan a buge, duk wanda aka ɓata wa suna ya san inda zai kai ƙara. Ban ce mai gadin nan adali ne kullum ba, domin jaridar gwamnati ba ta cika faɗin laifin gwamnati ba, kuma mu da muka yi aikin mun san labaran da aka kashe a kan tebur. Amma yanzu yaro ɗaya da waya ɗaya yana iya kiran kansa mujalla, ya yi tambari mai kyau, ba wanda ya san wanda yake biyan sa. Saboda haka idan Malam ya ce rubutu yana zama, ni sai in ce ƙarya ma idan an rubuta ta tana zama.

Almajirin Madabo:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙarin bayani kawai zan yi, Alfijir da ajami ake buga ta, Albishir kuma da boko. Na kawo wannan ne domin har yanzu akwai dattawa da malaman zaure a cikin birni da suka fi sakewa da ajami, kuma ban ga mujallun intanet sun yi musu tanadi ba.

Ɗalibar Bayero:
Baba, mun gode da tarihi. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan muryoyi. A waya ɗaya ina iya karanta yadda Aminiya ta kawo labari, in duba Premium Times Hausa, in leƙa BBC da TRT Afrika, sannan in ga abin da Solacebase ko Kano Focus suka samo daga nan cikin gari. Idan huɗu suka haɗu a kan abu ɗaya, na biyar ya saɓa, na san inda zan sa alamar tambaya. Mai gadin da Baba yake magana a kai, a ganina yanzu mai karatu ne da kansa. Kuma wannan dama ce da Facebook ya buɗe wa 'yan Arewa, domin kafin zuwansa ba mu da inda muke rubuta ra'ayinmu a intanet.

Injiniya Sharaɗa:
Ƙanwata, a nan akwai gyara. Tun farkon shekarun 2000, kafin a san Facebook a ƙasar nan, 'yan Arewa suna rubuta dogayen maƙaloli a Gamji, kuma muhawarar da aka yi a can kan shari'ar Musulunci da mulkin Obasanjo da rabon arzikin ƙasa ba ƙarama ba ce. A lokacin sai mutum ya je shagon intanet ya sayi awa, ya buga maƙalar a takarda, ya kawo majalisa a karanta. Abin da ya sauya shi ne waya ta shigo hannun kowa bayan zuwan GSM a 2001, daga baya kuma manyan wayoyi suka yi araha. Sai dai na yarda da ke cewa yawancin rubutun wancan lokaci da Turanci ne, saboda haka 'yan boko ne kawai suke cin moriyarsa. Yawaitar sharhi da Hausa a intanet abu ne na baya-bayan nan.

Sarkin Sauraro:
Ni fa ina ganin kuna yi wa rediyo rashin adalci. Mutum nawa ne a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi za su iya zama su karanta maƙala mai shafi biyar? Mai tura baro da mai adaidaita sahu da tsohuwa a cikin gida, duk da rediyo suka san abin da ake ciki, kuma su ne suke fita su yi layi ranar zaɓe. Sannan ku lura, da safe gidajen rediyo suna bitar jaridu, kuma yawancin kanun da suke karantowa daga intanet suke ɗauko su. Ashe ke nan abin da kuke karantawa yana isa ga jama'a ne ta bakin mai gabatarwa. Ga kuma tsadar data, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Rediyo kuwa batir biyu ya ishe shi.

Ɗan Kwari:
Maganar data gaskiya ce, amma karatu ba ya cin data kamar bidiyo. Yaran shagona da suke kukan data, a TikTok take ƙarewa, ba a karatun sharhi ba.

Abban Hanifa:
Ina so in mayar da mu kan maganar Baba ta mai gadi, domin a nan ne nake ganin babban dalilin da ya sa mutane suka amince da jaridun intanet. A watan Oktoba na 2018 Daily Nigerian, wadda ba ta da injin buga takarda ko ɗaya, ta fitar da bidiyon da aka yi zargin gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, majalisar dokokin jiha ta kafa kwamitin bincike, mawallafin jaridar Jaafar Jaafar ya bayyana a gabansa, daga baya maganar ta koma kotu. Ba ina yanke hukunci a kan wanda yake da gaskiya ba ne. Tambayata ita ce, wace kafa ce da take jiran tallan gwamnatin jiha, ko take tsoron a janye mata lasisi, za ta fara fitar da irin wannan? Gidan rediyo yana ƙarƙashin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, kuma ana iya rufe shi. Wannan 'yancin ne mai karatu yake ji a jikinsa idan ya buɗe irin waɗannan mujallu.

Baba Fagge:
Ɗana, na ji ka, kuma ban raina ƙarfin halin masu wannan aiki ba, domin mu da muka ga abin da ya sami Dele Giwa, editan Newswatch da aka kashe da bam a 1986, mun san farashinsa. Amma kada ka ɗauka intanet ba ta da takunkumi. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, an yi ta amfani da ita wajen kama 'yan jarida da masu rubutu, har sai da aka yi mata gyara a 2024, kuma ko bayan gyaran ba a daina kame ba. Kada kuma mu manta gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Sannan wanda ba ya jiran tallan gwamnati, sau da yawa yana jiran ambulan ɗin ɗan adawa. Ka tambayi kanka, mujallar da ba ta sayar da kwafi, ba ta karɓar kuɗin rajista, talla kuma ba ta taka kara ta karya ba, da me take biyan ma'aikata?

Hajiya Zoo Road:
Tambayar Baba ta ƙarshe ita ce ta dame ni, kuma rikicin masarauta ya nuna mini ita a fili. Tun da aka ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020, har zuwa Mayun 2024 da majalisa ta soke dokar aka mayar da shi, shi kuma Sarki Aminu Ado Bayero ya sauka a gidan Nassarawa, kusan kowane umarnin kotu sai ka ga an kawo shi iri biyu. Wannan mujalla ta ce an tabbatar da wane, waccan ta ce an tsige shi, alhali takarda ɗaya suke magana a kai. Abin takaici shi ne kowa ya san wadda zai buɗe domin ya ji abin da ransa yake so. A gidanmu akwai masu jar hula akwai waɗanda ba sa sakawa, kuma kowane yana turo wa ɗan'uwansa sharhin da ya dace da ra'ayinsa a matsayin hujja. Ina jin wani ɓangare na daɗin karatun nan, idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, daɗin jin an goyi bayanka ne da kyakkyawan lafazi.

Barista Nassarawa:
Hajiya, haka ne, sai dai yawancin waɗancan umarnin na wucin gadi ne, ba hukuncin ƙarshe ba, kuma kotunan tarayya da na jiha sun yi ta bayar da umarni masu karo da juna. Mujallun da suka san aikinsu sun bayyana haka. Matsalar ita ce mutane da yawa kanun kawai suke karantawa su tura gaba.

Akanta Bompai:
Ni zan kawo misalin da sharhi ya yi amfani ba tare da jar hula ko wata hula ba. Lokacin da shugaban ƙasa ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu a Oktoban 2024, abin da ya fara yawo shi ne za a kashe Arewa, wasu kuma suna cewa babu komai a ciki sai alheri. A rubuce-rubucen masana ne na fahimci inda gizo yake saƙa, wato yadda za a raba VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, tsakanin jihohi, inda aka so a ɗaga kason da ake bayarwa bisa inda harajin ya fito daga kashi 20 zuwa kashi 60. Masu sharhi suka yi ta fafatawa a kan ko za a lissafa ne bisa inda hedikwatar kamfani take, wanda zai fifita Legas, ko bisa inda aka sayi kayan, wanda jiha mai yawan jama'a da kasuwanni kamar Kano ba lallai ta yi asara ba. Daga baya gwamnoni suka tsaya a kan kashi 30. Wannan magana ce ta lissafi, sai da jadawali a gaban mutum, kuma na ga 'yan kasuwar Singa da Dawanau suna tambayar abin da ya shafe su bayan an fassara musu irin waɗannan maƙaloli.

Malama Ƙofar Mata:
Tunda an ambaci fassara, ni malamar Hausa ce kuma ina da ƙorafi. Yawancin sharhi mai zurfi irin wanda Akanta ya ambata da Turanci ake rubuta shi, abin da yake isowa ga mai karatun Hausa kuwa sau da yawa fassarar gaggawa ce, jimlolin a tsaye suke da ƙafafun Turanci, ba a kula da ƙa'idojin rubutu ba, wani lokaci sai ka karanta sakin layi sau biyu kafin ka gane wanda ya yi wa wani abu. Muna da marubutan da za su iya yin tunanin da Hausa tun daga tushe, amma ba a biyan su. Ina ba ɗalibaina shawarar su karanta, sai dai ina zaɓar musu inda za su karanta.

Malamin Gwammaja:
Na gode wa kowa. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa zaman rubutu ne ginshiƙi, domin misalan Barista da Akanta duk a kansa suka tsaya, kuma ko ƙaryar da Baba ya ce tana zama, zamanta ne yake bai wa masu tantance labari irin su Dubawa damar kamo ta su nuna wa duniya. Amma maganar Hajiya ta tsaya mini a rai, kuma ina so in ji ko akwai wanda yake karanta mujallar da ya san ba ta tare da ra'ayinsa, da gangan, ba don ya nemi abin zagi ba.

Injiniya Sharaɗa:
Malam, kafin a amsa maka, akwai rauni a ginshiƙin naka. Rubutun intanet ba ya zama kamar yadda kake zato. Ana iya sauya labari bayan an wallafa shi ba tare da an sanar da kowa ba, ana iya goge shi idan an sasanta da wanda ya shafa, kuma idan mai mujalla ya kasa biyan kuɗin ajiyar shekara, duk abin da aka rubuta yana iya ɓacewa a dare ɗaya. Mai bincike yana iya zuwa Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ya nemi tsofaffin jaridu na shekaru aru-aru, amma ina da maƙalolin da na karanta a shekarun baya waɗanda yanzu ko sama ko ƙasa. Shi ya sa duk abin da na ga zai yi amfani nake sauke shi in adana.

Maman Safiyya:
Malam, ni ina karanta ɓangaren da ban yarda da shi ba, amma gaskiya ba kullum ba, kuma na fi yin haka idan marubucin mutum ne da na san ba ya zagi. Akwai masu sharhi biyu ko uku da nake bi duk inda suka rubuta, ko da sun saɓa mini, saboda sun taɓa sukar nasu ɓangaren a idona.

Ɗalibar Bayero:
Baba, ina so in koma kan tambayarka ta da me ake biyan ma'aikata. Idan wata mujallar Hausa ta ce za ta daina karɓar kuɗin 'yan siyasa, amma kowane mai karatu zai riƙa biyan wani abu a wata, kana ganin mutanen Kano za su biya?

Baba Fagge:
'Yata, a zamaninmu ma masu tsayawa a teburin mai jarida su karanta kyauta sun fi masu saye yawa. Amma ki tambayi Alhaji na Kwari, shi da ya ce labari kuɗi ne a wurinsa, nawa zai iya bayarwa.

Ɗan Kwari:
Idan za su riƙa kawo mini farashin canji da labarin kwastan da na tashar jiragen ruwa da sassafe, kuma ya zama daidai, zan biya har in biya wa yaran shago. Na sharhin siyasa kuwa, sai na ga wanda yake rubutawa tukuna.